Fayafayan da Inna Ta Riƙa Aiko Mini

Ni 'yar Kurfi ce, aure ya kai ni Dutsin-Ma a ƙarshen shekarun saba'in, gidan wani mai sayar da hatsi, mutumin kirki. A lokacin ni mace ce mai riƙo. Ba na faɗa, ba na ɗaga murya, amma in abu ya shiga zuciyata sai ya yi saiwa. Allah ya ba ni 'ya mace, 'yar farina. Da ta isa yaye aka kai ta Kurfi wurin mahaifiyata, wadda muke kira Inna, kamar yadda kowa ke yi. Ba ta cika wata guda ba ƙyanda ta shiga unguwar. Kafin saƙo ya iske ni in sami mota, an riga an kai yarinyar makwancinta.

Ban yi kuka a gaban mutane ba, don 'yar fari ce, kunya ta hana. A wurin zaman makoki na ji wata tana raɗa cewa Inna ta tsare yarinyar a ɗaki tana ba ta jiƙe-jiƙe, ba ta kai ta wurin malamin asibiti ba sai da abu ya ƙwace. Shi ke nan, na ɗauki maganar nan na haɗiye. Bayan sadakar bakwai na yi wa Inna sallama kaina a ƙasa, na koma ɗakina. Na daina cin abin kirki, na rame, in na ɗora tukunya sai ƙauri ya tuna mini da ita.

Maƙwabciyata ce ta fara jawo ni. Kirista ce daga wajen Jos, aikin gwamnati ya kawo mijinta garin. Wata rana da hantsi ta shigo da fulawa da bota da sukari, ta ce hannunta na ciwo, in taimaka mata da bugu. Daga baya na gane ƙarya take, lafiyarta lau. Ita ta koya mini gasa kek ba tare da tanderu ba. A wanke yashin rafi a shanya, a zuba a tsohuwar tukunyar ƙarfe ya yi zafi, a shafa bota a gwangwanayen madara a zuba ƙullun, a jera su kan yashin, a rufe, a ɗora garwashi bisa murfin. Dokarta ɗaya ce, ba a buɗewa kuma ba a tashi, sai ƙamshi ya kira ka. Na farko da na yi ya ƙone ƙurmus. Ta ɗaga shi ta juya, ta ce wannan ko a ba magina su sa a katanga. Wallahi ranar na yi dariyar da na manta ina da ita.

Zaman nan gaban tukunya shi ya zame mini magani. Ina bugun bota da sukari har ya yi fari, ina fifita garwashi, ina jiran ƙamshi, zuciyata ba ta zuwa ko'ina. A damina da ƙwan zabi nake yi, in soka tsinken tsintsiya in ga ya fito a bushe, in ji wani sanyi a raina. Na dawo ina cin abinci, ina hira da mutane. To, a nan ne na yi kuskuren da har yau yake cina. Na warke wa kowa, ban da Inna. Maimakon in je Kurfi, sai na riƙa cika kwano da kek ranar kasuwa in ba wani direba ɗan unguwarmu ya kai mata. Kwanon ba ya dawowa haka nan, kullum da sabon faifai a rufe da shi, ɗan ƙarami, an rina kabar ja da kore. Ni kuwa in cire in jefa bayan gado, a zatona tukwici ne kawai. Maigidana ya yi magana har ya gaji. Ya ce Kurfi ga ta nan kamar a miƙa hannu, aike ba ya zama ƙafa. Ni kuma in ce ai ina yi mata abin da ya kamata. Haka na kwashe shekara biyu da rabi.

Ranar da aka aiko cewa jikinta ya yi tsanani, ƙulluna na kan wuta. Na ce bari ya gasu in tafi mata da shi. Da kwano mai ɗumi a hannuna na shiga gidanmu, na iske ana yi mata wanka. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ƙanwarta, wadda ta yi jinyarta, ita ta ja ni ɗaki bayan kwana uku. Ta ce Inna ba ta iya ɗinkin faifai ba sai bayan rasuwar yarinyar, ta koya ne don ta sami abin da zai riƙe mata hannu, kada tunani ya kashe ta. Ta ce duk ranar kasuwa sai Inna ta shimfiɗa tabarma a zaure tana sauraren mota, in direba ya shigo da kwano shi kaɗai, ta karɓa ta sa albarka. Ba ta taɓa kai kek ɗin bakinta ba, yaran unguwa sa'annin jikarta take raba wa. Ta ce sau da yawa ta roƙe ta ta aiko a kira ni, Inna ta ce da wane baki. Ni ma fa 'yar farinta ce, ko sunana ba ta taɓa kamawa ba. Faifan nan shi ne kiran, ni ce ban amsa ba. Sai ƙanwar tata ta miƙo mini wanda Inna ba ta ƙarasa ba, basillar na soke a jiki.

Yau na tsufa, har yanzu ina gasa kek, kuma ba zan hana kowa neman sanyin zuciya a aikin hannu ba, don ni ya cece ni. Amma 'yan'uwana mata, in kun sami sauƙi ku waiwaya, akwai wanda kuka yi rashin tare, yana can shi kaɗai da nasa. Kada ku aika, ku je da ƙafarku, ko da ba za ku iya cewa komai ba. Da na je sau ɗaya, da mun zauna a tabarma guda, ita da basillarta ni da tukunyata. Na tattaro fayafayan daga bayan gado, wasu gara ta taɓa su. Wanda ba ta ƙarasa ba yana cikin akwatina, na iya ɗinkin yanzu, amma na kasa zare basillar daga inda ta bar ta. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta yafe mini.