Tiyatar Hanjin Matata

Shekara biyu matata tana ce min cikinta na ciwo, ni kuwa ina ce mata olsa ce. A lokacin ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, muna haya a unguwar Gudu, a Abuja. Gari ya yi daɗi, kowa a ofis gini yake yi. Ni ma na samu fili a Kuje, duk Asabar can nake wuni a kan magina. In na dawo na tarar da ita a kwance, sai in ajiye mata maganin kwalba da na saya a kemis, in wuce wanka. Har na taɓa ce mata raki ya yi mata yawa, a gaban ƙanwata.

Wata Talata ta yanke jiki ta faɗi a kasuwa, mai tumatir ce ta kira ni da wayarta. A asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa sosai. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta zura mata siririn tiyo mai kyamara ta baki, ta ga ƙari a farkon ƙaramin hanji, ta gutsuro kaɗan aka kai gwaji.

Da sakamako ya fito ta zaunar da mu. Ta ce, "Irin wannan ƙarin daga ƙwayoyin da ke zuba sinadarai cikin jini yake tsirowa, kuma a hankali yake girma. In ƙarami ne, kamar ƙwayar wake, da tiyon nan muke cire shi. Naki ya wuce nan, sai tiyata." Sannan ta ce, "Hajiya, tun yaushe kike jin ciwon?"

"An daɗe, likita. Ni ce ban faɗa masa ba."

Likitar ta juyo gare ni. "Yallaɓai, ba ka ga tana ramewa ba?"

Na ce, "Ina yawan tafiye-tafiye." Ƙarya ce, ban fita daga Abuja fiye da sau biyu ba a shekarar. Likitar ta sunkuya ta ci gaba da rubutu.

An yanke ɓangaren hanjin da ƙarin ya kama, aka haɗe sauran. Kwananmu goma sha ɗaya a asibiti. 'Yan dubiya sai yabona suke yi, wai na tsaya a kan iyalina. Surukata ta zo daga Mararaba, ta yi ta sa min albarka har da hawaye, ina durƙushe ina amsa amin.

Bayan wata uku, muna cikin mota za mu koma ganin likita, na ce ta yafe min, na kuma tambaye ta abin da ya sa ta rufa min asiri.

Sai ta ce, "Ba don kai na yi ba, Baban yara. Kunya na ji a san mijina bai yarda da maganata ba."

Ta ce ta yafe, na kuma yarda. Har yanzu duk wata shida ake yi mata hoto, kuma alhamdulillahi ba a sake ganin komai ba. Ni nake kai ta. Sai dai tun daga ranar ta ce in riƙa jiranta a benci, ita kaɗai take shiga wajen likita.