Ranar da Aka Kayar da Malam Abdulsalam Mai Sifika

Ranar Talata, bakwai ga watan Oktoba na shekarar 2025, bayan sallar la'asar, Obadiya kafinta ya kira ni a waya. Sai da na sake tambayarsa kafin ya iya cewa Malam ya cika. Na yi salati, na ce daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Malam Abdulsalam Hammajoda, mai ƙera sifikun falo a unguwar Ɗan Iya, ya rasu bayan gajeriyar jinya, kuma washegari da safe muka raka shi makwancinsa.

Malam, wanda bai san ka ba, in ya ji an ce mai sifika, zai zaci irin akwatunan gidan biki ne, masu girgiza gilashin taga su hana maƙwabta sakat. Kai kuwa ka tsani hayaniya. Sifikunka na zaman falo ne, na mutumin da yake son ya zauna ya saurari goge ko garaya ko karatun Alƙur'ani, ya ji har numfashin mai karatun. Bibbiyu kake yin su, kowaɗanne don mutum ɗaya da ɗaki ɗaya, kuma suna da tsada, ba ka taɓa jin kunyar faɗa ba.

Ina tuna zuwana shagonka na farko, lokacin ban daɗe da yin ritaya ba. Na shigo da isata, na nuna wasu biyu na ce a ɗaure mini. Ka dube ni ka ce ba nawa ba ne, kuma ba za ka yi mini nawa ba sai ka ga inda za su zauna. Raina ya ɓaci, amma na ɗauke ka a keke muka tafi gida. Ka cire takalmi, ka tsaya tsakiyar falona kana ta tafa hannu, kana karkata kai, kamar mai korar kaji. Mai ɗakina ta leƙo ta tambaye ni a hankali ko mai magani na kawo. Ashe amsa-kuwwar ɗakin kake saurare. Ka sa aka matsar da kabad ɗin kwanukanta, abin da har yau ba ta gama yafe maka ba, sannan ka zaunar da ni kana tambayar abin da nake saurara. Da Obadiya ya gama fafe katakon madaci, kai kuma ka gama daidaita cikin, ka kawo su da kanka. Na miƙa hannu zan ƙara murya, ka riƙe ni, ka rage. Na ji yatsan mai garaya yana gogar tsirkiya, a faifan da na yi shekaru ina ji ban san da shi ba.

Haka tallanka yake. Ba allo a ƙofar shago, ba sanarwa a rediyo. Kakan ajiye wa mutum sifiku na 'yan kwanaki, ka ce in zai iya rabuwa da su ya kira ka. Baƙinsa su ji, su nemi lambarka. Ta haka aikin Bauchi ya shiga falukan Jos da Kaduna da Abuja, har Legas. Duk da haka in sifikar masallacin unguwa ta fara shaƙewa, kai ne a kan tsani, kuma ta cocin su Obadiya ma kai kake gyarawa, ba ka karɓar ko ruwa. Mu masu wannan sha'awa kuwa muka mai da ɗakin bayan shagonka majalisa, duk Asabar da hantsi, ga shayi ga gardama.

Sai jarrabawa ta zo ta inda ta fi ciwo. Kunnenka ya fara nauyi. Wani zai ɓoye, kai kuwa a gaban majalisa ka faɗa, ka ce siririyar murya ta fara kuɓuce maka, daga yau babbar 'yarka Sauda ce za ta riƙa daidaita sauti. Sauda ta karanta aikin lantarki a jami'a, tana da aurenta da 'ya'yanta a Tirwun, kuma ta daɗe tana aiki da kai, amma mutane sun ɗauka amsa waya da ɗaukar hoto ne aikinta. Nan da nan masu oda suka fara ja da baya. Alhaji Mansir, ɗan kasuwar da ya fi kowa jawo maka masu saye, ya ce shi kunnen Malam yake saya, ba katako ba. Katako ya taru babu mai taɓawa, Obadiya ya fara karɓar aikin kujeru, kuma kowa ya ga alamar za a rufe shagon tun kana raye.

Ba ka roƙi kowa ba. Ka ce mu zo wata Asabar, kowa ya zo da faifan da ya fi sani. Muka tarar an rataya baƙin labule, a bayansa sifiku kashi biyu, katako ɗaya, girma ɗaya. Ka ce ɗaya aikinka ne da sauran kunnenka, ɗaya na Sauda, mu faɗi wanda ya fi. Aka sa goge, aka sa karatu, aka sake sawa. Na hagu ya buɗe tar, na dama kuwa kamar an rufa masa mayafi. Dukanmu muka zaɓi na hagu, Alhaji Mansir kuma ya miƙe ya yi mana jawabi.

"Wannan hannun Malam ne, ko daga barci na tashi na san shi. Na daman kam sai haƙuri, yarinya tana koyo."

Kai ba ka ji abin da ya ce ba. Sauda ce ta sunkuya ta maimaita maka a kunne, ba ta rage ko kalma ba. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka.

"Alhaji, kunnenka lafiya lau. Na daman ne nawa."

Ban taɓa ganin mutumin da aka kayar yana murna irin taka ba. Ka bi mu ɗaya bayan ɗaya kana miƙa hannu kamar ranar suna. Alhaji Mansir ya gyara hularsa, sannan ya juya ya ce, "'Yata, yaushe za ki samu lokaci ki duba mini sabon falo?" Kafin damina ta fita, odar da ta gudu ta dawo, har da ƙari, kuma masu kira daga nesa sunan Sauda suke tambaya.

Da na je gaishe ka a asibiti, sai da na ɗaga murya kafin ka ji ni. Na tambaye ka ko rashin jin yana damunka. Ka ce yana damunka ƙwarai, ka yi kewar goge, amma za ka tafi ba ka bar kowa yana jiran kunnenka ba. Na yi kuka a hanyar gida, kuma kukan har da alfahari.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Yagana, matarka mai haƙuri, da Sauda da ƙannenta, da jikokinka, da Obadiya wanda ya rasa ɗan'uwa, da dukan 'yan majalisar Asabar. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci hannun da ka bar wa aiki. Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Ya mayar maka da jinka cikakke, Ya sa abin da za ka fara ji da shi sallamar mala'ikun rahama ce. Amin.

Sabitu Ɗanlarai, Ɗan Iya, Bauchi