Shekara Talatin da Ɗaya Talle Yana Koyo

Talle taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ba mai hana ni, shi ma ya sani. Shekararsa arba'in da takwas, gemunsa ya fara furfura, 'ya'yansa huɗu, amma har farkon bana in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce maka shi ɗan koyo ne. Ba wasa yake yi ba. A nan Sokodé duk wanda ya koyi aikin hannu, tela ne ko bakanike, sai ubangidansa ya 'yanta shi a gaban mutane kafin ya kira kansa mai sana'a. Liberasiyon muke cewa. Wasu shekara uku suke yi, masu taurin kai biyar. Talle ya yi talatin da ɗaya.

Ubangidan nasa shi ne Baba Maman, mai zanen alluna a bakin Zango. In ka ga allon aski da kawuna a jere, ko hoton bijimi a rumfar mahauta, ko zaki a bayan babbar mota, to daga shagonsa ya fito. Tsarinsa bai taɓa canjawa ba: da safe a yi ta zane da alli da fensir, bayan azahar a kama fenti, ranar Alhamis kuma duk allon da aka fara sai ya bar shagon. Wanda yake son a 'yanta shi kuwa, dole ya yi allo ɗaya shi kaɗai, tun daga zanen farko har ya sa sunansa a ƙasa.

Yana ɗan shekara goma sha bakwai aka kawo Talle wurinsa, kai tsaye daga makarantar allo, bai taɓa shiga ajin boko ba. Hannu kam Allah ya ba shi. In ya dube ka sau ɗaya ya ja layi uku, matarka ma za ta ce kai ne. Watansa shida kacal Baba Maman ya ba shi allon wani mai aski a Kpangalam, Huseini, ya rubuta masa kalmar da za a sa a sama a kan 'yar takarda, shi kuma ya tafi Pagala gaisuwar mutuwa.

Kawuna biyar na samfurin aski da ya zana sun fito tsaf. Sai rubutu. Talle bai san wani rubutu ba sai wanda ake farawa daga dama, don haka ya ɗauki buroshi ya fara daga gefen dama da harafin ƙarshe, yana kwaikwayon kowane ɗaya kamar hoto, manya-manya, hankalinsa kwance. Da ya iso gefen hagu sai katako ya ƙare, harafi ɗaya ya rage a hannunsa ba wurin sa shi. Maimakon COIFFEUR, wato mai aski, allon ya ce OIFFEUR. Huseini bai iya karatu ba, ya zo ya ɗauka ya rataya yana murna. Kafin Baba Maman ya dawo, duk mai wucewa da ya yi boko sai ya tsaya ya karanta da ƙarfi: wafar! Sunan ya bi Talle har cikin Zango, har masallaci. Ni na fi kowa kiransa da shi, Allah ya yafe mini. A lokacin gani nake haƙƙina ne na taubashi.

Tun daga ranar Talle bai sake tsoma buroshi a gwangwani ba. Alli ana gogewa, in ji shi, fenti kuwa in ya bushe ya zama shaida. Ya cika littattafai da zane, ya cika bayan kwalaye, har bangon ɗakinsa bai tsira ba. Hannu ɗaya riƙe da wuƙa sai ya zana shi sau arba'in. Baba Maman ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya taɓa kulle allin a akwati mako guda, sai Talle ya koma gawayi. A ƙarshe suka daidaita ba tare da sun yi magana ba: Talle ya zana, Baba ya shafa launi ya sa suna. Allunan suka yi kyau fiye da na kowa, don haka ba wanda ya ga dalilin tayar da zancen. Wasu dattawa har yaba masa suke yi, wai tsoron Allah ne ya hana shi kammala hoton mai rai. Shi kuma sai ya sunkuyar da kai ya bar su a haka. Ni da na san shi tun muna wasan ƙasa, na san tsoron dariya ne.

Shekara biyu da suka wuce idon Baba Maman ya fara hazo. 'Yarsa Zinariya, wadda ke sayar da abinci kusa da tashar mota a Dapaong, ta zo ta tafi da shi. Shago ya rage sai Talle da alluna jingine da bango, kowanne da zanen alli mai ban sha'awa, ba ɗaya da ya ga launi.

Ni direba ne, albasa nake ɗaukowa daga can arewa. Wata rana ina cin tuwo a rumfar Zinariya ta zauna kusa da ni ta ce, "Sharu, ka gaya wa ɗan'uwanka. Baba kullum zancensa ɗaya, wai afaranti, 'yan koyonsa, goma sha tara ya 'yanta, saura guda, kuma shi ne ya fi su duka. Ya ce ba ya son ya koma ga Allah ya bar ɗan mutane a ɗaure. Idon nan kuwa ba jira yake yi ba."

Na dawo na same shi a shago yana gyara kunnen wani rago da alli. Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganar ba kwana-kwana. Na ce nan da mako shida zan koma Dapaong, ko da shi ko babu shi, kuma Zinariya tana son allo a rumfarta. Ya daɗe yana juya allin a hannunsa, sannan ya ce, "Sharu, ban iya haɗa launi ba fa." Sai a ranar na gane cewa ba taurin kai ba ne kawai. Mutumin da ya fi kowa zane a Sokodé, a fenti jariri ne.

Ya koma tsarin Baba kamar sabon shiga. Da safe alli, bayan azahar fenti, a kan murfin durom da guntayen katako. Fuskokin farko sun fito kore-kore kamar masu ciwon ciki. Na ba shi ƙofar motata ya gwada, ya yi mini zabuwa wadda duk tashar aka yarda mura take yi. Na yi dariya, shi ma ya yi, wannan karon bai ajiye buroshin ba. Ranar Alhamis kuma ni na zama Baba Maman: in zo in kwashe duk abin da ya taɓa a makon, yana bina yana cewa saura kaɗan, ina cewa ka saura da shi.

A mako na biyar ya kama allon Zinariya. Tukunya a kan murhu, tururi yana tashi, hannun mace riƙe da ludayi. Rubutun kuwa da zare ya auna shi, harafi-harafi, daga hagu. Ya sa sunansa a ƙasa da haruffa ƙanana ƙwarai, sai ka durƙusa za ka gani.

Mun tashi bayan asuba, shi a bayan mota rungume da allon, da ƙananan gwangwanayensa a jaka. A Kara na same shi yana ƙara wa tururin fari. A Mango na ƙwace buroshin na cusa ƙarƙashin kujerata, na ce in ya sake taɓa allon nan zan sauke shi ya ƙarasa a ƙafa.

Bayan la'asar muka isa. Baba Maman yana zaune a kan tabarma a tsakar gida, ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Zinariya ta kira maƙwabta biyu-uku su zama shaida. Talle ya durƙusa ya gaishe shi, ya jingina allon a gabansa ya ja da baya.

Baba ya ɗaga kai yana murmushi, amma gefen allon yake kallo, wajen randar ruwa. Zinariya ta kawar da fuska. Ashe mako biyu kenan ko hasken ƙofa ba ya gani, ta ɓoye mana don kada Talle ya fasa zuwa. Shekara talatin da ɗaya muka yi muna wasa, muka makara da mako biyu.

Baba ya miƙa hannu ya lalubi katakon, ya shafa shi daga sama har ƙasa, ya shinshina yatsunsa. "Yau ma ka taɓa shi," in ji shi. "To, Talle, ya ƙare?"

"Baba, wajen ludayin akwai wani ɗan…"

"Ba ludayi na tambaye ka ba. Da can ni ke duba maka in ce ya isa. Yanzu ba ni da abin dubawa. Idonka ne kawai ya rage a shagon nan. Ya ƙare ko bai ƙare ba?"

Talle ya dubi allon. Na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa, na san kurakurai yake lissafawa.

"Ya ƙare, Baba."

"To ya ƙare."

Al'ada ce a ranar 'yantawa ubangida ya bugi tafin ɗan koyo da 'yar sanda sau uku, bugun ƙarshe ke nan da zai yi masa a duniya. Zinariya ta sa wa Baba muciya a hannun dama, don ita ce kusa. Ya ce Talle ya kawo hannu. Ya lalubo shi da hagu, ya kama, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya yana jin busasshen fenti a jikinsu. Muna ta jiran bugun. Sai muka ga ya ajiye muciyar a kan tabarma, ya haɗa hannu biyu ya riƙe hannun Talle, ya ƙi saki.