Ƙarfen Da Ba Ya Kuka

A danginmu babu mai kiransa da sunan yanka. Tsaya-Tukuna ake ce masa, domin tun yana yaro ko ruwa ka miƙa masa sai ya ce a tsaya tukuna ya duba kofin. An ce ranar haihuwarsa ma sai da ungozoma ta yi gyangyaɗi tana jiran ya gama shawara.

Sana'arsa gyaran famfon burtsatse a ƙauyukan kan tudu, inda hanya duwatsu ce zalla da ramuka. Yana da tsohuwar jif wadda ya sa aka ɗaga ta sama, har sai mutum ya tattare riga ya yi addu'a kafin ya hau. Kuma kuka take yi. Da tayar gaba ta faɗa rami sai ka ji ƙiii, ƙuuu, karnukan gari uku su amsa mata.

Kukan nan kowa kunyarsa yake ji ban da mai motar. Innarsa, wato Gwaggonmu, tana gidan ƙarshe a kan tudu, bayan rafi, kuma idonta ya daɗe da tafiya. Duk ranar da ya je, kafin ya kashe mota zai ganta tsaye a bakin ƙofa, hannu ɗaya a jikin bango, tabarma a shimfiɗe. Bai taɓa tambayarta ba. Shi dai ya yanke wa kansa cewa kukan motar take ji. Kowa faɗo mata yake yi ba zato, ta zabura, shi kaɗai take sanin zuwansa tun daga nesa, kuma wannan ya fi masa komai.

Rannan bakanikensa ya shiga ƙarƙashin motar, ya fito yana goge hannu, ya ce lowa-am ta tsage, wato ƙarfen nan mai kama da hannu da ke riƙe taya a jikin mota. Robar bakinsa, bushin, ta cinye, ita ce mai kukan. Na kamfanin motar kuwa ba za su zauna daidai ba tunda an ɗaga ta, sai dai na wasu kamfanoni, masu kauri, da aka ƙera don hanyar duwatsu. Ya ƙara da cewa in aka yi wasa, wata rana taya za ta riga mai ita isa gida.

Haka Tsaya-Tukuna ya shiga layin masu sayar da kayan mota. Duk shagon da ya shiga sai ya ɗaga ƙarfe, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa walda, wasu sun ce har sunsunawa yake yi. Sannan ya tambaya ko yana kuka. Mai shago, da yake ya saba da masu gudun ƙara, sai ya dafa ƙirji ya rantse cewa wannan ko a kan dutsen niƙa aka bi da shi ba zai ce uffan ba. Sai mutumin namu ya ajiye, ya yi godiya, ya fita. Layin kaf aka shiga cewa an turo mai binciken jabu.

A shagon ƙarshe wani dattijo ya gaji da rantsuwa, ya ɗora masa kala biyu a kan benci. Ɗaya bushin ɗinsa tauri gare shi kamar kofato, yana daɗewa, kuma in aka hana shi giris zai yi kukan da ya fi na da. Sai dai duk tsakuwar da taya ta taka, ƙugun wanda ke ciki zai san da ita. Ɗayan roba ce mai taushi, tana shanye girgiza, amma shiru take kamar ɓarawo.

Har ya rungumi mai kukan, sai ya ce a tsaya tukuna. Ya tuna a motar nan yake sauko da Inna asibiti, da yadda take cije leɓe a kowane rami, tana riƙe bayanta. Ya zauna a bencin har dattijon ya ci abinci, ya yi barci, ya farka. Daga ƙarshe ya tura mai kukan gefe, ya ɗauki na roba.

Da aka ɗaura, aka daidaita tayoyi, motar ta koma kamar ba ita ba. Ya hau tudu ba ƙiii ba ƙuuu, ko kare ɗaya bai ɗaga kai ba. Ya so ya danna ham, ya fasa, don Inna ta tsani ham, takan ce kaji ake kora da shi. Ya haye rafi yana tunanin yadda zai yi sallama a hankali kada ta firgita.

Yana shan kwanar ƙarshe sai ga ta a bakin ƙofa, hannu a jikin bango, tabarma a shimfiɗe.

Ya sauko ya durƙusa ya gaishe ta. Ya yi ta juya hula a hannu, can ya ce, "Inna, an gyara motar fa, ta daina kuka. Yaya aka yi kika san ni ne?"

"Wane kuka? Motocin da ke hawa nan duk kuka suke yi, ɗan nan. Amma kowa in ya zo rafi wucewa yake. Kai kaɗai kake tsayawa, ka buɗe ƙofa, ka sauka ka auna ruwan da ko kaza ba zai jiƙa wa ƙafa ba, ka koma ka rufe. Ƙofar nan nake ji."

Ya buɗe baki zai kare kansa, ta ce masa ya tsaya tukuna, ya fara kama mata hannu su shiga ciki.