Masar Gwaggo

Jiya ƙanena ya nuna mini bidiyon wani tsoho ɗan Japan da ba ya sayar da komai sai sushi, curin shinkafa da kifi a kai. Wai ya gano sirrin kasuwanci. Haushi ya kama ni.

Marigayiya gwaggonmu masa kaɗai take soyawa a rumfarta a unguwar Sauka Kahuta, tandarta na tashin ƙamshin man gyaɗa. Wata safiya na ce ta haɗa da shayi, ta ce, "Ɗan nan, in na koma kan shayi, wa zai juya masar?"

Ƙanen nan nawa ya gaji rumfar, ya cika ta da shawarma da taliya, masar kuwa sai ɗumame.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya sa mu riƙa jin maganar na gida tun suna raye.