Kaso a Bakin 'Yan Wasa

Yayana ne ya haɗa wasan, muna samari a Maigatari. Ba magana a cikinsa, waƙa ce tun daga farko har ƙarshe, da kalangu ɗaya da gurmi. Labarin wani manomi ne a ƙasar Damagaram, zamanin Faransa, da aka ce ya bar gonarsa da damina ya tafi aikin hanya. Ya ƙi. Aka ɗaure shi, aka kai shi kurkuku, can ya mutu. Manomin nan kakanmu ne. Bayan mutuwarsa babanmu ya tsallako nan.

Yayana ke yin manomin, ni kuma sojan da ke riƙe da bulala. Mun kai wasan Gagarawa, mun kai shi Sule Tankarkar ranar kasuwa, inda wata tsohuwa ta jefe ni da takalminta. Mu tara ne. Yanzu saura ni.

Bara wata ƙungiyar matasa a Gumel ta sami tsohon kaset ɗin wasan, suka ce za su farfaɗo da shi. Shugabarsu, wata malamar makaranta, ta aiko in je in ga gwaji. Na je ne don in ji waƙar yayana a bakin mai rai.

Da la'asar ne, a filin makaranta. Sun kawo lasifika da labule. Tufafinsu sun fi namu, kiɗansu ma ba laifi. Na zauna ina bi a zuciyata har aka zo inda soja ke kama manomi. Sai 'yan amshi suka ɗauka: "An ba shi kaso, bakinsa ya mutu." Soja ya miƙa wa manomi ƙunshi, manomi ya karɓa yana murmushi, ya shiga sahun masu kora mutane aikin hanya.

Na miƙe. Na ce, "Ku tsaya."

Malamar ta taho. "Baba, lafiya?"

"Me aka ba shi?"

"Kasonsa, Baba. Sun saye shi ne. Ai darasin ke nan, cin amana."

"Wa ya gaya miki?"

"Haka muka ji a kaset. Wurin ya ɗan shafe, amma kaso ya fito sarai."

Na ce, "Ba a ba shi ba. Kai shi aka yi. An kai shi kaso. A bakin mutanen tsallake, kaso kurkuku ne."

Mai yin sojan ya yi dariya. "Baba, 'ba' da 'kai', harafi nawa ne tsakaninsu? Mutanen yanzu namu za su fi ganewa, kowa na karɓar kasonsa."

Na ce, "Kai ko bulalar ba ka iya riƙewa ba, kamar mai korar kaji. Mutumin da kuka sa yana murmushi, uban babana ne. Ko gawarsa ba a ba mu ba."

Malamar ta ce saura kwana huɗu a yi wasan, in aka canza kalmar, rabin wasan da suka ƙara da kansu ya rushe. Na ce to su cire sunan yayana, su sa nasu. Na ɗauki sandata.

Ta biyo ni har bakin ƙofa. "Baba, bayan kason me ke zuwa? Daga nan kaset ɗin duk ƙara ce."

Na tsaya. Akwai baiti bakwai da manomi ke yi a ɗaure, yana tambayar ko geronsa ya fitar da kai, ko an yi masa maimai, wato noma na biyu. Uku kawai na iya tunawa, na rera mata su. Kwana huɗu ina zuwa Gumel ina neman sauran a kaina, ba su dawo ba.

Ran wasa suka rera daidai. An kai shi kaso. Yaron da ya yi manomi ya ja baiti ukun nan a hankali, har matan da ke gaba suka daina hira. Muryarsa siririya ce, ta yayana kuwa tana da kauri. Duk da haka na rufe ido.

Da aka tashi, na juya in ce wa yayana an gyara. Wanda ke gefena wani mai rake ne, ban san shi ba. Na gaya masa dai. Ya ce, "To madalla, Baba," ya ci gaba da feraye rakensa.