Shatin Hannu a Bangon Kicin

Akwai tambayar da wani dattijon kafinta ya yi mini a kicin ɗin mahaifiyata, wadda har in koma ga Allah ba na jin zan manta da ita. Shekaru sun ja, amma duk ranar da na shiga gidanmu na Ƙofar Kware a Sakkwato na ji ƙamshin miyar Inna, sai abin ya dawo mini sabo.

A shekarar ne ƙanwata ta haihu a Birnin Kebbi, Inna ta tafi taya ta zaman jego na kwana arba'in. Ni kuwa na daɗe ina jin kunyar kicin ɗinta. Ɗan ɗaki ne matsattse, bango ya yi baƙi, kanta ɗaya ce ta katako wadda gara ta fara ci, sai tsofaffin gwangwanayen madara jere a kai. Matata tana da kicin na zamani a gidana na Gidan Dahala, kabad sama da ƙasa, ita kuma uwar da ta haife ni tana girki a nan. Tun rasuwar mahaifinmu nake roƙon ta ta bari a riƙa kawo mata abinci, amsarta ɗaya ce kullum: "Ranad da na bar girki da hannuna, na zama kaya." To, na ce tunda ba za ta bar kicin ba, bari in gyara shi kafin ta dawo, ta shigo ta sha mamaki. Ina da wannan halin, in yi wa mutum alheri ban tambaye shi ba, sannan in gyara tsayuwa ina jiran godiya.

Na fara da wani shago mai ƙofar gilashi a bakin titi. Saurayin da suka turo mai ladabi ne, ya san aikinsa. Cikin ɗan lokaci ya gama awo, washegari ya turo mini zane a waya. Fari fat yana sheƙi, ƙofofin kabad ɗin ko mariƙi babu, dannawa ake yi su buɗe. Ya mayar da wurin wanke-wanke ƙarƙashin taga, ya kai abin girki na gas ɗaya bangon, gwangwanayen nan kuwa ya maye su da kwalabe iri ɗaya. Na yi ta nuna wa mutane a ofis kamar ni na zana. Saura kaɗan in ce su fara, matata ta ce in dai ji ta bakin mutum na biyu. Wani abokin aikina ya kwatanta mini wani kafinta a Tudun Wada. Gaskiyar magana, na kira shi ne kawai don in ce na gwada biyu na zaɓi ɗaya.

Da safe ya zo a kan wani tsohon babur, dattijo ne mai furfura, ba shi da hoto ko ɗaya a waya. Ya ce in ina son ganin aikinsa sai ya kai ni gidajen da ya yi wa. A raina na riga na sallame shi. Muka shiga kicin, ina jira ya fito da tef ɗin awo, sai ya tsaya kawai yana kallo. Can ya sunkuya ya sa yatsa a bango, ya bi wani layi mai duhu da maiƙo wanda ya taso daga bakin ƙofa daidai ƙugu, ya tafi har wurin wuta. Kunya ta kama ni.

Na ce, "Datti na, Baba. Henti za ya ruhe shi."

Sai ya matsa wurin kanta. Ya ɗauki gwangwani ɗaya ya juya, ya ajiye shi daidai inda ya ɗauke shi, ya ɗauki na biyu. Kowanne an ɗaura masa zare a wuya. Ya taɓa kwalin ashana da ke rataye a ƙusa. Sannan ya juyo ya dube ni.

"Malam, mai kicin ɗin ga, tana gani sosai kuwa?"

Raina ya ɓaci. Na ce tana gani mana, ai ita take yi wa kanta komai.

Ya ce, "Ban ce ba ta yi ba. Amma wanga ba datti na ba, hannu na. Kullum nan taka dahe bango ta bi har wurin wuta. Dubi zaren ga kuma. Ƙulli guda gishiri, biyu sukari, ukku kanwa. Mai gani ba shi buƙatar haka. Mahaihiyata haka ta yi muna, shekara biyu ba mu sani ba."

Na zauna a kan turmi. Abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Yadda in na shigo take yin shiru sai na yi sallama sannan ta saki fuska. Yadda ta daina buɗe Alƙur'aninta ta koma sauraron karatu a rediyo, ta ce muryar mai karatun take so. Ranar da ta ɗaura zani a bai-bai, na yi ta dariya ina tsokanarta, ita ma ta taya ni. Duk sati ina zuwa gaishe ta, ban ga komai ba.

Na ciro waya na nuna masa zanen, ban ma san me nake so ya ce ba. Ya duba da kyau.

"Aiki ya yi kyau, ba ni kushe shi," in ji shi. "Amma in ka yi mata wanga, ka ɓad da ita cikin gidanta. Ta kai hannu inda ta san ruwa, ta ishe wuta. Ni dai in ka ba ni aikin ga, ba ni taɓa ko ƙusa sai ta dawo."

A nan zaɓin ya ƙare. Ba na ganin laifin saurayin farko, abin da na nema ya ba ni. Na kira shi na ba shi haƙuri.

Ranar Asabar na kama hanyar Birnin Kebbi. Na sami Inna a tsakar gida, jaririya a cinyarta. Bayan gaisuwa na matsa kusa na ce, "Inna, tun yaushe idon ga ya hwara?" Ta shafa kan yarinyar, ta juyo wajena.

"Wa ya hwaɗa maka?"

"Bangon kicin ɗinki."

Sai ta ce, a hankali, "Tsoro ni ji. Na san in kunka sani, kwashe ni za ku yi ku aje ɗaki, ku riƙa kawo min kwano awa maras lahiya."

Na yi mata alkawarin ba mai raba ta da tukunyarta, in dai za ta yarda mu je asibiti. Da muka dawo Sakkwato likita ya ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma sauran ana iya riƙe shi da magani, kuma da mun ƙara jinkiri da shi ma ya bi. Na fito daga ofishin nan ban san ko kuka zan yi ko hamdala ba, na haɗa duka biyun a cikin mota.

Aikin ya ci sati uku. Dattijon ya sa aka ajiye wa Inna kujera a bakin ƙofa, ba ya yanka katako sai ya tambaye ta. Ina take ajiye muciya? Da wane hannu take ɗaukar ludayi? Ita kuwa ta samu wurin mulki, har faɗa take yi masa in ya cika tambaya, shi kuma ya ce, "A yi haƙuri, Hajiya, ɗalibi nike." Ya yi kabad da katako mai kyau, ya sa manyan mariƙai waɗanda ba za su ɓace wa hannu ba. Famfo yana inda yake, wuta tana inda take. Gwangwanayen da na so in zubar suka koma sabuwar kanta a jerensu na da, da zarensu.

Ranar da aka gama, fenti ya bushe, layin nan na bango ya ɓace. Inna ta zo bakin ƙofa ta tsaya. Ni da kafinta muna gefe muna kallo. Ta miƙa hannu inda ta saba, sai tafinta ya sauka a kan wani siririn katako mai santsi da ya kafa daidai kan shatin hannunta, daga ƙofa har wurin wuta. Ta ɗan tsaya, ta shafa shi. Sannan ta bi shi, ta ɗaga hannu sama ba tare da lalube ba, ta ciro ashana daga ƙusarta, ta kunna.

"To, ku hita ku ba ni wuri," ta ce. "Tuwo za ni ɗorawa."

Ajiyar zuciyar da na yi, sai da dattijon ya yi dariya.

Tun daga ranar, in zan ba mutum aiki ba na fara tambayar hotunan abin da ya yi. Ina tsayawa ne in ga me yake kallo, kuma ko zai tambayi wanda zai zauna da aikin. Darasin da ya fi shiga jikina kuwa ba na kafinta ba ne. Na koyi cewa zuwa gaishe da uwa daban, duba ta daban. Duk tsawon lokacin nan Inna tana rubuta halin da take ciki a bango, ni ɗanta na zo da niyyar in shafe shi da fenti.